Jinyar Tattasai

Shekara arba'in ina su a Yawuri.
Kifin da ya juya ciki sama
ya gama, sai kwando.
Yau ga ni a Birnin Kebbi, a falon ɗana Nafi'u,
gaban akwatin gilashi mai fitila a ka,
ina gadin wani ɗan ja da bai kai yatsana ba.

Ya kife, amma bai mutu ba.
Baki na motsi, ido na kallona ta ƙasa.
In ya yunƙura zai nutse
ruwa ya tofo shi sama
kamar gora da aka danna aka saki.
'Yan'uwansa uku na kai da komo a ƙarƙashinsa,
ba wanda ya ce masa sannu.

Jikata Shafa'atu ta raɗa masa Tattasai.
Ta ja mini hannun riga:
"Kaka, ba kai ka san kifi ba?"
Na san shi a taru, yarinya.
Na san shi a bakin wuƙa,
na san shi a kan banda yana ɗigar mai.
Kifi mai jinya ne ban taɓa zama da shi ba.

Sai dai na tuna, in an farke giwan ruwa
akwai farar jaka manne da ƙashin baya,
iska ce zalla,
yara kan taka ta don su ji fas.
Sau nawa na jefa wa kyanwa ita!
Ashe da ita yake hawa, da ita yake sauka.

Sau biyar take zuba masa abinci a yini.
So ne. So ma yana kumbura ciki.
Mai shagon ya ce ta waya: azumin kwana uku,
a rage ruwan,
sannan koren wake dafaffe, a ɓare, a murje.
Ta yi kuka a kan azumin.
Ni na ɓoye gwangwanin a aljihuna.

Daren biyu aka ɗauke wuta,
injin kumfa ya yi shiru.
Na ɗauko kofin shayi, ina ɗiba ina tsiyayawa
har ladan ya yi gyaran murya.
Hannun da ya ja mamari
shi ke shayar da ruwa iska.

Ban gaya mata ba:
tun da na bar kogi ƙasa ke yi mini tangaɗi.
Likita ya ce wani abu ne ya goce a cikin kunne.
Cikin jirgi ban taɓa faɗuwa ba,
a kan siminti sau biyu.

Yau kwana huɗu.
Ya ci waken, rabin ƙwaya.
Ya sauka kamu ɗaya, a karkace,
kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi gefe guda.
Bai kai ƙasa ba tukuna.

Na bar ta tana ƙirga masa.
Na nufi masallaci, ina dafa bango.