Gurbin da Ban Cike Ba

A Bunza, daren da jar saniyarmu ta kasa haihuwa,
ni na riƙe fitila.
Likita ya naɗe riga,
ya zura hannu har kafaɗa
kamar mai lalubo moɗa a gindin randa.

Yau takardar neman jami'a na gabana.
Inna Tumba ta ce likitan mutane,
farar riga, babu warin turke.
Baba Nomau bai tanka ba,
dabaibayi yake gyarawa.

Mutum zai nuna inda ke ciwo.
Saniya sai dai ta daina tuƙa,
ta zuba maka ido.

Alƙalami ya tsaya a hannuna.
A bayan danga, maraƙin nan,
bijimi yanzu,
yana sosa ƙaho da dalbejiya.