Ɗanyen Itace

A Coyhaique, in Yuni ya kama,
duwatsu kan rufe garin kamar murfin tukunya.
Iska ta tsaya cik.
Hayaƙin gidaje ya tashi, ya rasa hanya,
ya dawo ya kwanta a bakin ƙofa
kamar karen da ya san gidansu.

Ni ne Nibaldo, mai itace.
Shekara talatin da ɗaya ina sauke lenga a ƙofar mutane.
Busasshe na masu albashi ne.
Mu ɗanye muke saye, ɗanye muke sayarwa,
irin wanda in ka jefa shi a wuta sai ya ja tsaki,
ya fitar da kumfa ta gindi.
Na san tsakin nan tun ina yaro.
Ban taɓa tambayar me yake cewa ba.

Da dare nakan shaƙe maƙogwaron murhu
don gungume ɗaya ya kai mu asuba.
Dabarar mahaifina ce, na gaje ta tare da gatarinsa.
Wuta ba harshe, sai gunaguni,
Ermelinda na gefe da ƙoƙon mate,
tana saƙa safa, tana gyaran murya,
tana gyaran murya,
shekara nawa tana gyaran murya
ba ta fara magana ba.

Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yarmu ba.
Ta ɗaga hoton ƙirji ta haska shi a taga,
ta ce, “Iya, kara nawa kike sha a rana?”
Ermelinda ta yi dariya
har dariyar ta rikiɗa ta zama tari,
har tarin ya durƙusar da ita.
Matar da ko warin taba ba ta so.
Sai likita ta dubi hannuwana,
ta shaƙi warin rigata,
ta mai da kai kan takarda.
Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran nan na tuna da labulenmu,
yadda ruwan wankinsa kan fito kamar tawada.
Labule dai ana cire shi a wanke.

Jikata Millaray shekararta shida.
A jakar fensirinta akwai abin shaƙa shuɗi,
tsakanin magogi da jan launi.
Ranar da hayaƙi ya yi kauri ba a guje-guje a makarantarsu,
sai su zauna su zana rana.
Wani dare ta yi barci a kafaɗata,
na ji wani siririn fito na fita daga ƙirjinta.
Na waiga wajen murhu.
A kashe yake.
Tsakin ne. Shi ne dai, ya sake gida.

Yanzu hita muke kunnawa.
Ermelinda ta ce wutar nan ba ta da fuska,
har yau kujerarta na kallon tsohon murhu,
baƙin ƙarfe mai sanyi da muka ɗora wa tukunyar fure.
Itacena kuwa na jera shi ƙarƙashin kwano,
na ce sai ya shekara kafin ya bar hannuna.

Jiya ƙanƙara ta fasa famfon unguwa.
Eleuterio maƙwabcina ya zo da baro, da 'yan canji,
da labarin tagwayensa da ke kwana da hula.
Na ce bai bushe ba.
Ya ce sanyi yau yake kisa, hayaƙi sai ya yi shekaru.
Na cika masa baron.

Ga shi can yana fita ta bututunsa,
rawaya, mai nauyi, ba ya sauri.
Ya tsallako shinge.
Tsuntsun da ya ja ruwa, an ce, shi ruwa kan doka.
Na tashi na cusa tsumma a gefen taga,
wajen da Ermelinda ke sa kai.