Kada Ki Rufe Famfon Duka

A Kuusamo sanyi ba ya sallama.
Da hantsi tafki yana motsi,
kafin almuru ya ƙame kamar an daka masa tsawa.
Ni kuwa na dawo da akwati ɗaya
gidan katakon da mahaifina Veikko ya bari,
da makullai bakwai, ban san na ina da ina ba.

A bayan ƙofar kicin, da fensirin kafinta,
ga rubutunsa, hannu yana rawa:
"Tuulikki, in ma'auni ya wuce ashirin ƙasa da sifili,
kada ki rufe famfon duka.
Bar shi ya ɗiga.
Ruwan da ke tafiya, da wuya ƙanƙara ta cim masa."

Ina yarinya na tsani ɗigon nan.
Ɗis. Ɗis. Cikin kwanon ƙarfe, har gari ya waye.
Nakan lallaɓa cikin duhu in murɗe shi tam,
shi kuma ya taso, safa a ƙafa ɗaya,
ya sassauta, ya koma,
bai taɓa ce mini uffan ba.

Ranar Laraba na ɗauki tocila
na ja ciki ƙarƙashin gida,
inda ƙasa ke warin dankali da tsatsa.
Ga bututu kwance daga bango zuwa bango,
sanye da tufafin gidanmu kaf:
hannun suwaitar Mama mai ruwan toka,
safar da na sha faɗa a kanta ina aji uku,
jaridun shekarar da aka haifi ƙanena Ilmari,
duk an ɗaure da igiyar damin ciyawa,
ƙulli uku-uku,
yadda yake ɗaure mini takalmi.

Wuri ɗaya, a gwiwar da ke kallon arewa,
ɓera ya cinye tsumman, tagulla ta fito tsirara.
Na taɓa. Sanyin ya cije ni har cikin haƙori.
Na laluba hagu da dama, babu abin naɗi.
Sai na kwance mayafin wuyansa,
wanda ban cire ba tun ranar jana'iza,
na naɗa sau huɗu.
Ƙullina bai yi kyau ba, amma ya kama.

Da la'asar Aulis, maƙwabcinmu, ya zo a tarakta.
Ya cire tiyon lambu, ya zazzage ruwan cikinsa,
ya nuna mini kan da ake murɗawa a tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya,
ya wangale kabad ɗin ƙarƙashin famfo
don ɗumin murhu ya samu hanya.
"In ya daskare, kada ki kusance shi da wuta.
Tsumma da ruwan ɗumi, sannu-sannu, daga bakin famfo ki yi baya."
Ya sha kofi a tsaye, yana kallon tagar.
"Abin da mutane ba su sani ba," in ji shi,
"bututu ba ya nuna ya fashe ranar da ya fashe.
Ƙanƙarar da ta tsaga shi, ita ke toshe tsagar.
Sai ɗumi ya dawo,
ka tashi ka tarar da ruwa har idon sawu."

Bai dube ni ba.
Duk ƙauyen ya san ban yi kuka a maƙabarta ba.

Daren jiya, talatin da huɗu.
Katakon bango yana ƙara kamar ana karya ƙashi.
Na ƙara itace, na je kicin ba takalmi,
na sassauta famfon kaɗan,
kamar kaurin zaren ɗinki,
na sa tsohon kwanon nan a ƙasa.

Ɗis.
Ɗis.
Na bar ƙofar ɗakina a buɗe don in ji.