Kabewar Toledo

Da sanyi ya saki ƙasa a watan Mayu,
Odessa ta miƙo min iri ta kan shinge,
ƙwaya bakwai cikin ambulan ɗin kuɗin wuta.

Huɗu suka tsiro. Kurege ya tone ɗaya,
ko a Ohio bai bar halinsa ba.

Ba irin kabewarmu ba ce.
Rawaya ce, mai wuyan agwagwa.
A tsinke ta tun farce na shiga fatarta, in ji Odessa.

Na sa ta a taushe,
ta narke tun gyaɗa ba ta nuna ba.
Miya ta yi tsululu.

Haka na zuba a kwano, na miƙa ta kan shinge.
Da safe kwanon ya dawo wankakke,
da wasu kabewa uku a ciki.