Lahiya Lau

Tun da bashi ya cinye keken ɗinkinsa
Sha'aibu ke kwana zaune.
In maƙwabtan Bagalam sun gaishe shi,
"Lahiya lau," in ji shi,
murya kamar gulbinmu da rani:
yashi a sama, ruwa can ƙasa.

Na daina cewa "Mi ya same ka?"
Na ja tabarma gindin bedi,
ina ɓarar gujiya kusa da shi,
ban ce uffan ba.

Dare na huɗu ya ɗauki ƙwaya ɗaya,
ya murza har ɓawonta ya zube,
ya ce, "Barira, na gaji."

Laima ce ta fara nunawa.
Mai tonon gulbi ba ya gaggawa.
Na matsa masa kwanon,
muka ci gaba da ɓara.