Inda Sabis Yake Kwana

Yaya Nafi'u ne ya aiko ta daga Fatakwal
a hannun direban da ya zo lodin riɗi.
'Yar na'ura fara, ba ta kai sabulun wanki ba,
da ido guda mai ƙiftawa.
Ya ce a ajiye a ɗakin Inna,
in na kira da dare ta ga fuskata.

Mako guda muna cin duniyarmu da tsinke.
Hansatu ta sauke darussanta na ungozoma,
ni na tura sakamakon 'yan aji shida
ban hau babur zuwa Jahun ba.

Sai abin ya soma.
Da rana sumul, kamar ruwan burtsatse.
Ana idar da isha'i, Inna ta fito tabarma,
ɗif.
Fuskar Yaya ta daskare, bakinsa a buɗe,
rabin gaisuwa ta iso Aujara,
rabi ta kwana a hanya.

Na fara da wayata.
Na kashe, na ƙirga talatin, na kunna.
Na sa ta mance da na'urar,
na sake haɗa su kamar baƙi a zaure.
Shiru.

Da safe in same ta bisa taga,
idonta kore shar, kamar ba ita ba.
Na cire batir, na hure sim,
na goge shi da bakin riga.
Na zargi samarin gidan Malam Sagiru
masu jingina da katangarmu bayan magariba,
na sauya lambar sirri
da sunan kakanmu da shekarar ambaliya.
Suka daina gaishe ni. Sabis bai dawo ba.

Na je gindin ƙarfen sabis na bayan kasuwa.
Mudi maigadi ya dafa ƙirji ya rantse
injinsu bai yi ko tari ba wannan watan.
Iliya mai cajin waya ya ce zafi ne.
Mai shayi ya ce hadarin gabas.
Wani ya ce kamfanin ne ke shanye data da dare,
na sake saye, da kuɗin da na ware wa taki.
Ranar da ka yi ciwo
kowa a gari likita ne.

Daren Laraba haƙurina ya ƙare.
Na yi sallama, na ɗaga labulen Inna,
na haska taga. Wayam.

Me kake nema, Tasi'u?
Na ce, na'urar.
Ta ce, tana inda take kwana.

Ta taso da kanta, tana dafa gwiwa,
ta jawo babbar kwalla daga ƙarƙashin gado,
ta ɗaga murfi.
Ga ta nan, naɗe cikin kallabi,
tsakanin turare da katin asibiti,
ta yi ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza,
idon nan yana ta ƙiftawa,
tana ta kira, ƙarfe ya tare mata murya.

Abin da ɗana ya saya da guminsa
zan bar wa ɓeraye?
Ba su suka cinye wayar rediyona ba?

Kwana goma sha tara.
Wadda ta fi kowa jiran kiran
ita ke rufe shi da murfi, da bisimilla.

Ban yi dariya ba sai da na fita.
Na samo ƙwarya, na ɗaura ragaya
can sama, kusa da ƙofa,
Inna tana tsaye tana auna tsallen ɓera da ido.

Ƙarfe tara wayar ta yi ƙara.
Fuskar Yaya ta zo har da motsin gira.
Inna ta ce ya rame, ya ce haske ne,
ta ce ita ta haife shi, ta san haske.
Can ya tambaya,
wai me ya sami sabis ɗinku kwanakin nan?

Inna ta dube ni.
Na dubi ragaya.
Na ce, hadarin gabas ne, Yaya,
ya wuce.