Ƙofa Ɗaya a Ganuwa

Sabarmu tsohuwar kwamfuta ce,
tana ƙarƙashin teburin Malam Giɗaɗo,
kusa da bokitin da ke tare yoyon rufi.
Fankarta na tari kamar mai mura,
amma duk jinin da muka gwada tun bara waccan
sakamakonsa na cikinta.
A ofis kowa ya kira, ta amsa.
Taku ɗaya zuwa bakin titin Wunti,
sai ta zama kurma.

Da gangan aka yi haka.
Rauta ce mai gadi, ta ja ganuwa ta kewaye mu:
na ciki ya fita yawonsa ya dawo,
na waje ya yi ta sallama har muryarsa ta dushe.

Sista Rifkatu ce ba ta yarda ba, can Bununu.
Takardar gwaji sai Ɗanjuma ya kai mata a babur,
ran da rafi ya kawo
takarda ta kwana a aljihunsa,
yaro ya kwana da zazzaɓinsa.
Ta kira ni ranar Laraba, ko gaisuwa babu:
"Hamisu, wai na'urar taku ta ado ce?"

Bayan la'asar na zauna gaban rauta.
Ƙofofin garinmu a yatsu nake ƙirga su,
Ran, Jahun, Wambai, Inkil,
nata kuwa sun haura dubu sittin da biyar,
kowace da sakata.
Na zare ɗaya, ta ɗari huɗu da arba'in da uku,
na bar wa mai gadi sallahu:
wanda duk ya ƙwanƙwasa nan,
raka shi ɗaki na goma sha biyu,
wajen tsohuwar da ke ƙarƙashin tebur.

Daga ciki ba a gane ƙofa ta buɗu,
sai na tsallaka titi, na tsaya wajen mai balangu,
na kunna datar wayata, na yi sallama kamar baƙo.
Aka amsa!
Amma wa ya leƙo? Firinta,
tana ce mini tawadarta ta kusa ƙarewa.

Ashe da rana an ɗauke wuta,
da ta dawo, rauta ta sake rabon ɗakuna,
sha biyu ya faɗa hannun wata.
Mai balangu ya ga ina dariya ni kaɗai,
ya ƙara mini albasa, bai ce komai ba.
Na koma na ɗaure wa tsohuwa lambarta
kamar akuya a turke,
ko wuta ta tafi sau goma, nan za ta kwana.

Kafin isha saƙo ya shigo daga Bununu:
"Na gani. Taifot ne. Na fara masa magani."
Ba na gode, ba sannu. Na san ta.

Da safe na buɗe littafin mai gadi,
gabana ya faɗi.
Baƙi ɗari uku da wani abu cikin dare ɗaya,
daga ƙasashen da ban taɓa sanin mai sunansu ba,
ba su san Rifkatu ba, ba su san Bauchi ba,
tafe kawai suke suna murɗa kowane hannun ƙofa.
Ni da na huda ganuwa saboda mutum ɗaya,
duniya ce ta ji iska ta biyo.

Na canja kalmar sirri, na yi ta doguwa
har ni ma sai na duba takarda.
Na ce wa mai gadi: wanda ya kuskure sau uku,
rufe masa, kada ka ji kunyarsa.
Yanzu littafin nan nake fara karantawa
kafin in sha koko.

Ɗanjuma ya zo jiya, fuska a murtuke,
wai na rage masa kuɗin mai.
Ya sauke kular samfur, ƙanƙara na ɗiga,
ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya harari tsohuwa,
ya ce, "To, takarda kin ƙwace.
Jinin fa? Shi ma ta waya zai zo?"